Matakalar shaton kawu da digirin da Excel ya ƙi ganewa

Kawuna mai walda ne nan Tahoua, tun ina firamare nike ganin shi da gilashin nan baƙi a goshi. Satin da ya wuce ya kira ni da azahar, ya ce "kai yaro, taho da kwamfutarka, karatun nan naka yau za mu ga amfaninshi." In kawu ya ce haka to ka san akwai magana.

Aiki ya samu a wani gari kan hanyar Konni. Akwai shato, wato tankin ruwa, na siminti, zagayayye kamar rumbu, tsawon mita 6, ana son a yi mishi matakala ta ƙarfe wadda za ta nannaɗe shi tun daga ƙasa har sama, kewaye guda cif. Taki 30, kowane taki santimita 20 na hawa, bakin matakalar ta waje kuma mita 2 daga tsakiyar shaton. Shi kawu da a fili ne ba ya neman kowa, turke zai kafa a tsakiya ya ɗaura igiya ya yi ta juyawa yana sa alama, haka ya saba kuma bai taɓa kuskure ba. To amma nan tsakiyar tana cikin siminti, ina za ka kafa turke? Ga shi kuma injiniyan da ke duba aikin ya ce shi lamba yake so a takarda, x da y da z na kowane taki, kafin a yanka ko da ƙarfe ɗaya.

Abin da ya ba ni dariya shi ne turke da igiyar kawu su ne ainihin abin da munka karanta a lakwal da sunan lissafin silinda. Lamba uku ne ke gaya maka inda abu yake: nisanshi daga turken tsakiya wato r, yadda ka juya wato kwana, sai tsawo daga ƙasa wato z. Ɗaya tsarin, na x da y da z, wanda ake jingina wa Descartes na Faransa tun littafinshi na 1637, shi kuma cewa yake yi tafi gabas kaza, tafi arewa kaza, hau sama kaza. Juya na farko zuwa na biyu ba wani abu ba ne:

x = r × cos(kwana)
y = r × sin(kwana)
z = z

Shi z ko taɓa shi ba a yi. Na ce ma kawu minti biyar ya isa, ya sa a ɗora shayi.

Digiri 360 raba 30, kowane taki digiri 12 kenan. Na jera 12, 24, 36 har ƙasa cikin Excel, na buga =2*COS(B2) da =2*SIN(B2), na ja. Lambobi sunka cika fal, na zana su, da'ira ta fito kyakkyawa, har na juya allon ina nuna ma kawu ina wani ƙasaita. Ya duba ya duba ya ce "taki na biyar ina yake?" Na nuna mishi. Ya ce "a'a ɗana, taki biyar bai kai ka bayan shato, kashi ɗaya cikin shida ne na kewayen." Wallahi gaskiyarshi. Taki na biyar digiri 60 ne, kuma ko ɗan koleji ya san kosinis na 60 rabi ne, x ya kamata ya zama 1, y ya zama 1,732. Ni kuwa allona na nuna -1,905 da -0,610.

Laifin nawa ne. COS da SIN na Excel ba su san digiri ba, radiyan suke karɓa, haka ma Python da C da JavaScript da kusan duk abin da za ka yi program da shi. Kewaye guda a radiyan 2π ne, wajen 6,283, saboda haka da na ba shi 12 ya ɗauka radiyan 12 nike nufi, wato digiri 687 da ɗoriya, saura kaɗan kewaye biyu. Kowane taki sai ya riƙa komawa baya da digiri 32 da rabi. Kuma abin haushin, irin wanga kuskure ba ya ihu. Ko wace lamba ka zuba cikin cos da sin, r ba ya canzawa, dole alamar ta faɗo kan da'irar, shi ya sa zanen daga sama ya yi kyau kamar ba komi. Da kawu bai tambayi taki na biyar ba da haka zan tura ma injiniya in sha kunya a gaban mutane.

Gyaran kalma ɗaya ce, =2*COS(RADIANS(B2)), ko ka ninka da PI()/180. A Python math.radians ne. Taki na biyar ya dawo 1 da 1,732 da tsawo mita 1, kawu ya gyaɗa kai, anka zuba shayin farko.

Wani ɗan abu a gefe, tunda sinis ta shigo zance. Larabawa masu lissafi sun kira ta jaib, Turawan da sunka fassara littattafansu zuwa Latin sunka sa mata sinus saboda ma'anar jaib ɗin, lanƙwasar riga wajen ƙirji. Kuma daga al-jaib ɗin nan ne munka samu aljihu a Hausa. Na gaya ma kawu, ya ce to shi ya sa take son cinye mishi aljihu.

Na zaci an gama, ashe da sauran rina a kaba. Taki na farko ba inda ka ga dama zai fara ba, akwai famfo da bututu a gindin shaton, saboda haka mai awon ƙasa ya rubuto a takarda cewa a fara daga 150. Ni kuma na ƙara 150 a kan kwanonina na wuce. Allah ya taimake ni na kira shi don in tambayi lambobin tsakiyar shaton, cikin hira ya ce "ai ka san girad ne ko?" Shiru na yi.

Masu awon ƙasa namu da sunka yi karatu irin na Faransa yawanci da girad suke aiki, kewaye guda 400 ne ba 360 ba, kwanar gini 100 ce daidai. Bayan haka su daga arewa suke fara ƙirga, su juya ta gabas kamar hannun agogo, alhali lissafin lakwal da na kwamfuta daga gabas yake farawa ya juya ta arewa, akasin agogo. Abu uku kenan sunka bambanta a lamba guda: ma'auni, mafari, da hannun juyawa. Girad 150 digiri 135 ne daga arewa, wato kudu maso gabas. Ni kuma 150 ɗina ta kai matakalar arewa maso yamma, kusan bayan shaton gaba ɗaya. Ana gyara shi da kwana = 90 - 0,9 × girad, a nan ya ba da -45. Ko kuma ka yi yadda su suke yi, ka musanya su, x ya ɗauki sin, y ya ɗauki cos, ka ninka girad da PI()/200. Sannan kar ka manta ka ƙara x da y na tsakiyar, in ba haka ba shatonka na zaune kan sifili.

A ganina nan ne littattafan lakwal ke cutar mu, su ba ka formil layi uku su ce an gama, babu mai ce maka tambayi wanda ya kawo lambar daga ina ya fara ƙirga. Su ma masu software ba su daidaita bakinsu ba. Da na zo komawa baya don in tabbatar, daga x da y zuwa kwana, ATAN2 na Excel x yake so da farko sannan y, atan2 na Python kuma y da farko sannan x. Pol2cart na MATLAB kwana yake karɓa kafin r. Kar ma ka ce za ka yi wayo da ATAN(y/x) kawai, don (1;1) da (-1;-1) amsa guda zai ba ka alhali suna fuskantar juna, in x ya zama sifili kuma ya watsa maka #DIV/0!.

Akwai kuma wadda ta tsorata kawu tun a jerin da na gyara da RADIANS, taki na 15, digiri 180, inda y ya kamata ya zama sifili sai ga 2,45E-16. Ya ce wannan kuma wane aljani ne. Ba komi ba ne, kwamfuta ba ta iya riƙe π gaba ɗaya, lamba 15 zuwa 16 kawai take ɗauka, ɗan ragowar ne ke fitowa, bai kai ko ƙurar gashi ba. ARRONDI, wato ROUND a Excel na Turanci, da lamba uku bayan wakafi ya share ta, milimita ta ishi mai walda.

Sai da dare injiniyan ya amsa a WhatsApp wai ya yi, amma da na sani AutoCAD, software ɗin zanen gini, na karɓar lambar silinda kai tsaye, ka buga 2<60,1 ya aje maka alama inda ya dace. Ban gaya ma kawu wannan ba.

Kafin in tashi ya ce in lissafa mishi tsawon ƙarfen da za a riƙe in ana hawa. In ka warware nannaɗar ka shimfiɗe ta, kewayen mita 12,57 ne, hawan mita 6, lissafin Pitagor ya ba da 13,93. Na ce kawu sanda uku masu mita 6 za ka saya, biyu ba su isa. Ya nuna mini bayan ƙofa da haɓa, guda uku ne jingine, tun ranar Lahadi ya sayo su.