Kibiyar da ta tona mana asiri a asaimen ɗin gubar dalma

Mu shida aka haɗa a gurup, ni kaɗai ce 'yar Anka a ciki, shi ya sa da malam ya raba batutuwa aka ba mu gubar dalma sai kowa ya juyo yana kallona. Malam ya ce shi fa ya gaji da rubutun shafi ashirin da ake kwafowa daga intanet, infogirafik yake so, wato bayani cikin zane a takarda ɗaya tak, wanda mutum zai kalla ya gane ba sai an tsaya a kansa ba. Wallahi da farko murna muka yi, mun ɗauka sauƙi ne ya zo.

Satin farko a WhatsApp ya ƙare, kowa na turo abin da ya samo. A 2010 ne matsalar gubar dalma daga haƙar zinari a jihar Zamfara ta fito fili, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu yawancinsu ba su kai shekara biyar ba, ƙauyen Bagega kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Duk mun haddace wannan tsaf. Muka buɗe manhajar zane ta Canva a wayar ɗaya daga cikinmu muka zuba manyan lambobi da jan launi, abin gwanin kyau.

Wurin kibiya aka samu matsala. Mun sa hoton dutse a hagu, hoton yaro a dama, sai mai riƙe da wayar ya ɗago ya ce to me zan sa a tsakani? Shiru. Wannan ya ce ruwan rijiya ne, waccan ta ce hayaƙi, wani ma ya kawo zancen farin ruwan nan mai sheƙi da ake kama zinari da shi, alhali shi wata guba ce daban. Ɗaliban kiwon lafiya har shida amma babu mai iya jero yadda dalma ke barin dutse ta shiga jinin yaro, ni da nake 'yar garin ma haka, kunya ta kama ni sosai ranar. Da rubutu ne da tuni mun ce "gurɓatar muhalli" mun wuce babu mai kama mu, amma kibiya dole ta tashi daga wani abu ta sauka kan wani abu.

Sai muka koma karatu na gaskiya. Dutsen zinarin yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a farfasa, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta tashi ta kwanta a tsakar gida da kan kwanuka, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙe dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar kan na babba. Mataki biyar ke nan, muka raba kowa ya ɗauki ɗaya, na shidanmu ya haɗa zanen, da sharaɗin duk wanda bai iya bayanin matakinsa da baki ba, ba za a sa shi ba. Wannan ne ma ya kawo ƙarshen 'yan a-sa-sunana, don babu wurin laɓewa.

Da na je gida na nuna wa Inna, kakata, ita ba ta karanta boko. Ta riƙe wayar nesa da fuska ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ke wanga ɗan Bature mi ya kawo shi nan? Ashe jaririn da muka ɗauko daga Canva fari ne sol yana zaune kan kafet, turmin kuma irin ɗan ƙaramin nan ne na masu haɗa magani. Ƙaton 400 ɗinmu ko kallonsa ba ta yi ba, ita gidajen da aka yi rashin ta sani, ta fara lissafa min su da sunan iyayen yaran har muryarta ta canza. Na ajiye wayar.

Washegari na ɗauki hoton turminta da taɓarya da tsakar gidanmu, ɗan gurup ɗinmu mai hannun zane ya zana yaro da ɗan tofi yana rarrafe a ƙasa, muka rage rubutu ya koma layi ɗaya a ƙarƙashin kowane mataki, ƙanena ya rubuta mana su da ajami. Da na sake nuna mata sai ta bi kibiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan hannun yaron ta ce nan ne.

Mun gabatar a aji, malam ya yi tambayoyinsa kowa ya amsa nasa. Kwafi biyu muka buga a shagon kwamfuta, ɗaya na malam, ɗayan Inna ce ta ce in kawo mata, akwai maƙwabciyarta mai goyo da mijinta har yanzu yake shigowa gida da kayan aikin haƙa a jikinsa.