Jinyar da babu wanda ya rubuta

Aikin taimaka wa tsofaffin sojoji wajen cika takardun neman haƙƙinsu a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra ya nuna mini cewa ofis ya fi jin takarda a kan bakin mutum. Dattijo zai ciro littafin sallamarsa daga ƙasan akwati, naɗe a leda, kowane kwanan wata yana nan daram. Amma wanda ya taɓa faɗawa hannun abokan gaba, watannin da suka fi cin jikinsa su ne waɗanda ba a rubuta ba. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta ce a ba fursunan yaƙi takardar shaidar ciwonsa idan ya nema, to amma wanda ya hana ka abinci ba zai rubuta maka cewa yunwa ta illata ka ba.

Shi ya sa tsarin Amurka ya tsaya mini a rai da na karanta shi. A can, idan tsohon fursunan yaƙi ya kamu da wasu cututtuka da doka ta lissafa, kuma naƙasar ta kai kashi 10 cikin 100, ana ɗauka cewa tsarewar ce sila, ko da ciwon ya bayyana bayan shekaru masu yawa. Taɓin hankali, yawan fargaba, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna ciki, komai gajartar tsarewar. Wanda ya yi kwana 30 ko fiye a tsare, ana ƙara masa gyambon ciki, atini mai daɗewa, lalacewar hanta da cututtukan rashin abinci mai gina jiki. A ganina adalci ke nan, domin an sauke nauyin kawo hujja daga kan wanda bai da ikon tara ta.

Jinkiri kuwa wata cuta ce daban. Sai a shekarar 2000 Ingila ta amince da biyan fam 10,000 ga kowane ɗaya daga cikin mutanenta da Japan ta tsare a Yaƙin Duniya na Biyu, shekara 55 bayan yaƙin, lokacin da da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Darasin da ya fi yi mini wuya shi ne na kunya. Idan na ce, "Baba, kana samun barci?" amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi, ɗana." Sai Hajiya ta rako ni zaure take gaya mini cewa yakan farka cikin dare yana ihu, kuma ba ya yarda a kulle masa ƙofa. Yanzu nakan nemi izinin dattijon in rubuta abin da iyalinsa suka gani, in haɗa da takardun da zai kai wa likita, domin a gaban likita ciwon gwiwa kaɗai zai ambata.