Yadda kwamfuta ke riƙe haruffan Habasha

Abin da ya fara jan hankalina game da rubutun Habasha, wanda masu shi ke kira fidel, shi ne cewa kowane harafi gaɓa ce sukutum, wato baƙi da wasalinsa a haɗe cikin siffa ɗaya. Harafin ለ ana karanta shi "le", idan aka maƙala masa ɗan ƙugiya a gefe ya zama ሉ wato "lu", haka nan har siffa bakwai ga kowane baƙi. Da wannan rubutu ake rubuta Amharik da Tigrinya da Tigre, da kuma harshen Ge'ez wanda yanzu ya rage a ibadar coci a Habasha da Eritiriya.

Kwamfuta ba ta san harafi ba sai lamba, don haka tilas aka yanke shawara: shin za a ba baƙi lambarsa, wasali ma tasa, na'ura ta haɗa su a kan allo kamar yadda aka yi wa rubutun Devanagari na Indiya, ko kuwa kowace gaɓa ta samu lambar kanta? Tsarin Unicode, wanda ke ba haruffan rubuce-rubucen duniya lambobinsu a kwamfuta, ya ɗauki hanya ta biyu lokacin da ya shigar da rubutun a bugunsa na 3.0 a shekarar 1999, ya ware masa gurbi 384, daga lamba U+1200 zuwa U+137F a irin ƙirgarsa. A ganina an yi daidai, domin alamar wasali a fidel ba ta da wuri guda tsayayye. Wani lokaci ƙafar harafi ce ke gajarta, wani lokaci zobe ne ke fitowa, wani lokaci kuma siffar gaba ɗaya ke lanƙwashewa, ta yadda raba su zai zama wahala marar amfani.

An jera lambobin takwas-takwas, kowane layi na baƙi ɗaya, bisa jerin da ɗalibai ke haddacewa. Harafin ሀ shi ne U+1200, ሁ na biye da shi, sai ለ ya buɗe sabon layi a U+1208, gurbi na takwas kuwa yawanci na gaɓa mai "wa" ne ko a bar shi fanko. Wannan ya sa mai rubuta manhaja zai iya gano wasalin yawancin haruffa da ɗan lissafi kawai. Daga baya an ƙara wasu rukunai a 2005 da 2010, sannan a 2021 aka shigar da ƙarin haruffan harsunan Gurage na Habasha. A UTF-8, tsarin da ake ajiye waɗannan lambobi da shi a na'ura, kowane harafi na rukunin farko yana cin bayit uku (bayit ma'aunin wurin ajiya ne), inda harafin Latin maras ado ke cin ɗaya, amma tunda gaɓa guda ce ke ciki, asarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne wajen bincike. A Amharik na yau ሀ da ሐ da ኀ furucinsu ɗaya ne, haka ሰ da ሠ, haka ጸ da ፀ, kodayake a Ge'ez na dā sun bambanta. Unicode ya ba kowannensu lamba daban kuma bai ɗauke su a matsayin abu ɗaya ba, saboda haka wanda ya nemi kalmar rana da ፀሐይ zai iya rasa rubutun da aka yi da ጸሀይ, sai dai idan manhajar binciken ce ta daidaita su da kanta. Shi ya sa masu aikin sarrafa Amharik kan fara da mayar da irin waɗannan haruffa zuwa siffa ɗaya kafin su taɓa komai.

Alamomin rubutu ma sun samu gurbinsu, kamar ɗigo biyu ፡ da ke raba kalmomi a tsofaffin littattafai da ɗigo huɗu ። da ke rufe jimla, tare da alƙaluman gargajiya daga ፩ har zuwa ፼ mai nufin dubu goma, waɗanda babu sifili a cikinsu.