Tabon da ke bayan mesata

Akwai wani tabo a bayan mesata, wajen tsakiyar jiki, tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsa ba. Ta yi saɓa sau biyar tun bayan da ta same shi, ya dushe amma bai ɓace ba. Ni na jawo mata shi, a daren da na saka mata ɓera mai rai, na rufe akwati, na je na kwanta.

Irin ƙaramar mesar nan ce mai dunƙulewa ta cusa kai a tsakiyar jiki idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Shekara biyu tana hannuna ba ta taɓa mayar mini da abinci ba. Duk bayan kwana goma zuwa mako biyu in narkar da ɓera daga firiza, in miƙa mata da dogon hantsaki, ta kai sara, ta nannaɗe, ta haɗiye. Nauyinta ya kai giram 1,340. Sai na ga robar da take ciki ta yi mata kaɗan, na sayo babban akwatin gilashi mai tsayi, wanda ake hango ta daga kowane gefe, da kogon roba ƙato guda ɗaya. A ganina gata na yi mata.

Daga ranar da ta koma ciki ba ta sake ci ba.

Makon farko ban damu ba. A na uku hankalina ya fara tashi, kuma daga nan na shiga yin duk abin da bai kamata ba. Ina miƙa mata ɓera duk bayan kwana biyu. In kunna fitila, in ɗaga kogon da take ciki, in kaɗa mata ɓeran a gaban fuska, har ya taɓa mata hanci, ita kuwa ta ƙara dunƙulewa. Ina ɗauko ta kusan kullum in shafa ƙashin bayanta don in ji ko ta rame. Na sauya girman ɓera, na sauya launi, na goga wa babba shimfiɗar ƙananan ɓeraye don ya ɗauki warinsu. Ɓerayen da na zubar a makonnin nan sun fi goma sha biyar. Abu ɗaya ne ban yi ba, wato ɗora ta a sikeli, alhali sikelin yana nan a ɗakin.

A mako na tara wani da ya riga ni fara kiwon macizai ya ce mini, "Ba ta mai rai mana, ka bar su tare, yunwa za ta sa ta kama." Na san ana gargaɗi a kan haka. Na sani sarai. Amma na gaji da ganin ta tana juya kai, sai na ce dare ɗaya ne kawai. Da asuba na same ta a dunƙule a kusurwa, ɓeran yana zaune kusa da ita yana lasar ƙafa, ga jini a shimfiɗa. Ya ci fatar bayanta har naman ya fito. Mesar da ba ta da niyyar ci ba ta kare kanta daga ɓera, dunƙulewa kawai take yi ta bar masa bayanta. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Likitan dabbobi ya wanke raunin, ya rubuta magani, ya ce in kwashe shimfiɗar in sa farar takarda har ta warke. Kafin duk wannan sai da ya auna ta: giram 1,295. Ya tambayi nauyinta na baya, na faɗa masa. Ya ce, "Malam, giram 45 a mako tara? Wannan ko kashi huɗu cikin ɗari bai kai ba. Yunwa ba ta yi mata komai ba." Na ce, "To Likita, me ya hana ta ci?" Bai amsa ba sai da ya ce in nuna masa hoton akwatin.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ke nan har yau. Ashe babu wani haɗari da take ciki. Babbar mesa mai lafiya tana iya wata uku, wata huɗu, har fiye, ba ta ci ba, jikinta bai nuna ba. Haɗarin da ta shiga a duk wannan lokaci guda ɗaya ne, kuma ni na buɗe murfi na saka mata shi.

Abin da hoton ya nuna masa, ni ma da na natsu da na gani. Wannan dabba asalinta daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya take, inda take wuni a ramukan ɓeraye da cikin suri, sai dare ta fito. Tana son wurin da zai matse ta, ta ji bango yana taɓa jikinta ta ko'ina. Ni kuma na ajiye ta a fili, gilashi gaba da baya, cikin kogon da zai ɗauki irinta uku. Mesar da ba ta sami maɓoya ba ba za ta haɗiyi abin da zai yi mata nauyi ya hana ta gudu ba. Ga kuma zafi. Ma'aunin da na manna a jikin gilashi yana nuna digiri 30, amma da na auna ƙasan kogon, inda cikinta ke kwanciya, 26 na samu. Da zafin waje take narkar da abinci, in ƙasa ta yi sanyi ba za ta ci ba.

Gyaran bai ɗauke ni yini guda ba. Ƙananan maɓoya biyu matsattsu masu ƙofa ɗaya, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Na rufe gefe uku na gilashin da baƙar takarda, na cika filin da rassa da ganyen roba. Na haɗa abin ɗumamawa da na'urar daidaita zafi, gefen ɗumi ya tsaya a 31 zuwa 32, ɗaya gefen a 25 zuwa 26, laima kuma wajen kashi 60 cikin ɗari. Abin da ya yi mini wuya shi ne cire hannuna. Ban da sa magani da sauya ruwa, ban taɓa ta ba. Ban miƙa mata komai ba sai da raunin ya kame, daga nan kuma sau ɗaya a mako biyu. Ta ƙi na farko, ta ƙi na biyu.

Daren da ta ci, mako na goma sha tara ne. Na bar ɓeran ya narke a firji tun jiya, na sa shi a leda na tsoma a ruwan ɗumi, sannan na ƙara ɗumama kansa da na'urar busar da gashi a kusa da akwatin don warin ya isa gare ta. Wannan ɗumin ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙananan ramukan da ke jere a leɓenta da su take gane zafin jikin abin farauta, ɓera mai sanyi kusan ba ta ɗaukarsa abinci. Fitila a kashe. Na riƙe shi ta gadon baya yadda zai yi kamar mai tafiya, ban kai shi bakinta ba, na tsaya nesa da ƙofar maɓoyar. Harshe ya fara fitowa, sai kai, sai wuya ya lanƙwashe. Da ta kai saran sai da hantsakin ya kusa suɓuce mini. Na ja da baya a hankali na fita daga ɗakin, na zauna a ƙasa, hannuna yana rawa.

Yanzu duk wanda ya ce mini mesarsa ta ƙi ci, tambayata ta farko ita ce nauyinta nawa yau, nawa ne wata guda da ya wuce. In ramar ta doshi kashi 10 cikin ɗari, ko tana numfashi da ƙara, ko majina a baki ko hanci, ko ta amayar da abinci, ko kana ganin ƙananan baƙaƙen ƙwari a fatarta, wannan aikin likita ne, kada a jira. Jaririyar mesa ma ba a yi mata dogon jira, ba ta da kitsen da za ta dogara da shi. In kuwa idonta ya yi fari-fari, saɓa ce ke tafe, a ƙyale ta. Na yarda akwai waɗanda ba sa karɓar komai sai mai rai. In taka irin su ce, ka tsaya a wurin da hantsaki a hannu, minti goma sha biyar, in ba ta kama ba ka fitar da shi. Ko fita ɗauko ruwa kada ka yi. Mataccen ɓera ana iya barinsa a ƙofar maɓoya ya kwana, da safe a zubar in ba ta ci ba. Mai rai ba a barinsa.

Da sanyin bara ya shigo ta sake daina ci, mako bakwai cur. Na auna ta sau uku, giram 20 kawai ta rage, na rubuta a littafi na rufe akwatin. Duk lokacin da na ɗora ta a sikelin, babban yatsana a kan tabon nan yake sauka.