Gyaran kundin ƙungiyar ƙwararru: ƙuri'ar babban taro kaɗai ba ta wadatar

A shekarar 2015 Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, NBA, ta gyara kundin tsarin mulkinta. Babban abin da gyaran ya kawo shi ne sauya yadda ake zaɓen shugabanni: da wakilai ƙalilan ne ke taruwa su zaɓa, sai aka ba kowane lauyan da ya biya kuɗinsa damar jefa ƙuri'a ta intanet. Da wannan tsari aka yi zaɓen 2016 wanda Abubakar Balarabe Mahmoud ya lashe. A 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa kundin ba shi da inganci, domin ba a kai gyaran Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta amince da shi yadda doka ta tanada ba. In har ƙungiyar lauyoyi ta yi tuntuɓe a wannan wuri, ƙungiyar masu safiyo ko ta masu haɗa magunguna ta jiha sai ta ƙara sa ido.

Kafin a taɓa kundi, a fara sanin wace irin rajista ƙungiyar ke da ita, domin hanyar gyara ta dogara a kan haka. Yawancin ƙungiyoyinmu rajistar amintattu suke da ita, wadda ke Kashi na F na Dokar Kamfanoni ta 2020, daga sashe na 823 zuwa na 850. A wannan tsari amintattun ne doka ta ɗauka a matsayin jikin ƙungiya: da sunansu ake riƙe fili da gini, su ake kai ƙara, su ke kai ƙara. Wasu kuma kamfani ne marar hannun jari, wanda mambobi ke tsaya masa da lamuni. Sashe na 26 ya ce jimillar lamunin kada ta gaza naira 100,000, kuma sai da izinin Antoni Janar na Tarayya. In ya yi kwana 30 bai ce uffan ba, masu nema na iya buga sanarwa a jaridun ƙasa uku su ci gaba. Na uku su ne waɗanda doka ta musamman ta kafa, irin su ƙungiyoyin akantoci na ICAN a 1965 da ANAN a 1993. Waɗannan babban taronsu ba shi da ikon sauya ko harafi ɗaya a dokar da ta kafa su, sai an koma Majalisar Tarayya.

Shugabanni da yawa na ɗaukan cewa za a iya "juya" rajistar amintattu ta koma kamfani da takarda ɗaya. Dokar ba ta buɗe wannan ƙofa ba. Abin da ake yi shi ne a yi wa sabuwar ƙungiya rajista, a kwashe dukiya a mayar mata, sannan a rufe tsohuwar. Rufewar ma kotu ce ke yi bisa sashe na 850, kuma abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba wa mambobi, ana miƙa shi ga wata ƙungiya mai irin manufar. Fili kuwa, sauya sunan mai shi na bukatar amincewar gwamna bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ga kuɗin hatimi da na rajista. Sai sabon asusun banki, sabuwar lambar haraji, sabuwar takardar SCUML, wato sashen gwamnati mai yaƙi da halasta kuɗin haram, da sabbin takardun ɗaukar ma'aikatan sakatariya. A ganina, ƙungiya ta yi dogon tunani kafin ta ɗauki wannan hanya, domin galibin abin da ke damun mambobi, wato wa'adin shugabanni da yadda ake kashe kuɗi da yadda ake zaɓe, ana iya magance shi da gyaran kundi ba tare da an sake rajista ba.

To yaya ake gyaran? A fara da zuwa CAC a karɓo kwafin kundin da ke cikin fayil ɗinsu, mai hatimin tabbatarwa. Kada a dogara da wanda ke cikin durowar sakatare. Sau da yawa za a tarar kundin da ake aiki da shi ya sha gyara biyu ko uku a tarurrukan baya, alhali wanda hukuma ta sani shi ne na ranar rajista. Wanda ke fayil ɗin hukuma shi ne kotu za ta duba, don haka ka'idar gyara da ke cikinsa ita za a bi: kwana nawa na sanarwa, mutum nawa ne ke cika taro, wane rinjaye ake so. Sashe na 833 ya wadatu da rinjaye mai sauƙi tare da amincewar hukuma, amma in kundinku ya ce kashi biyu cikin uku, to a cika kashi biyu cikin ukun. A nan ne kuma za a duba ko ƙungiyar ta cike rahotonta na shekara-shekara, domin hukumar ba ta karɓar wani sauyi sai an biya na baya da tararsa.

Sanarwar taro ita ce inda aka fi yin sakaci. Rubuta "gyaran kundi" a lamba ta bakwai cikin ajanda bai isa ba. A haɗa wa kowane mamba takarda mai shafi biyu gefe da gefe: a hagu sashen yadda yake yanzu, a dama yadda ake so ya koma, kalmar da za a cire an ja mata layi. A tura ta hanyar da kundi ya ambata. In ya ce wasiƙa ko jarida, saƙon WhatsApp ƙari ne kawai, ba ya maye gurbinsu. A ajiye shaidar ranar da aka tura, domin wanda zai kai ƙara daga nan yake fara ƙidaya.

Ranar taro, a rufe rajistar masu ikon ƙuri'a tun kafin a zauna, a liƙa ta kowa ya gani. Rigimar waye ya biya kuɗin shekara da waye bai biya ba ta fi kowace rigima rusa taro. Kowa ya sa hannu a takardar halarta da lambarsa ta mamba. A kaɗa ƙuri'a sashe-sashe, a ƙirga, a rubuta adadin masu goyon baya da masu adawa da waɗanda suka ƙaurace. Rubuta "taro ya amince baki ɗaya" ba ya tabbatar da kashi biyu cikin uku a gaban alƙali. Kuma kada a yarda a kawo sabon gyara daga cikin zaure wanda ba ya cikin sanarwa, komai kyansa. Waɗanda suka zauna a gida ba a gayyace su kan wannan ba.

Bayan taro sai a kai hukuma: ƙudurin da shugaba da sakatare suka sa wa hannu, bayanin taro, da sabon kundi. In an taɓa suna ko manufofi ko amintattu, akwai ƙarin mataki, wato buga sanarwa a jaridun kullum biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Sashe na 835 ya ce sauyin da bai bi waɗannan matakai ba banza ne. Saboda haka kada a yi zaɓe da sabon kundi, kada a rantsar da kowa da shi, sai amincewar hukuma ta fito a rubuce.

Batun amintattu na bukatar a tsaya a kansa. Galibi dattawan sana'a ne aka sa sunayensu tun kafuwa, kuma kundin bai ba su wa'adi ba. Shekaru na tafiya, wasu sun rasu, wani ya koma ƙasar waje, wani ya yi fushi ya daina zuwa taro, sai ranar da za a sayar da fili ko a kare ƙara a gane babu mai sa hannu. Dokar yanzu na bukatar amintattu biyu ko fiye, kuma ta hana yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai fita ba, da wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Kundi mai kyau zai ƙara nasa: wa'adi ƙayyadadde, dalilan cirewa, da yadda ake cike gurbi. Kunya ce ke hana kawo wannan magana, ana ganin kamar raina manya ne, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ana iya kafa majalisar dattawa ta ba da shawara a mayar da su can da girmansu.

A kuma raba aikin amintattu da na kwamitin zartarwa a fili. Sashe na 836 ya ba ƙungiya damar kafa majalisar gudanarwa, sai dai bai fayyace iyakar kowa ba, kundi ne zai yi wannan. A rubuta adadin kuɗin da kwamiti zai iya kashewa da kansa, wanda sai da amintattu, da wanda sai babban taro. Ban ga hikimar shugaba mai ci ya zama shugaban amintattu ba, tunda su ne ya kamata su taka masa birki. A tuna kuma sashe na 838 ya hana biyan 'yan majalisar gudanarwa albashi, sai dai mayar musu da abin da suka kashe a hidima, ko biyansu kuɗin haya ko ladan wani aiki da suka yi daidai kima.

Sashen riƙon ƙwarya shi ake mantawa, kuma shi ke haifar da shari'a. In an rage wa'adi daga shekara uku zuwa biyu, shugabanni masu ci za su ƙarasa nasu ko kuwa? Wa'adin da suka yi a tsohon kundi yana cikin lissafi, ko sabon kundi ya share musu fage su sake tsayawa? Asusun rassa na jihohi na waye? Hukuncin ladabtarwa da aka fara a tsohon tsari, da wace ka'ida za a kammala shi? A amsa kowace da jimla ɗaya a ƙarshen kundi, a kuma rubuta cewa zai fara aiki ne daga ranar da CAC ta amince, ba daga ranar taro ba.