Kwanon da Ba a Buɗe Ba

Jiya ƙanwata ta ja ni baje kolin zane-zane a Birnin Kebbi, wani zane ya tsayar da ni cak. Iyali ne a kan tabarma, uwa ta sunkuyar da kai, carbi a hannu. A gefe ga kwanon tuwo rufe da faifai, babu wanda ya taɓa.

Nan take na tuna wanmu, da jirgin ruwan da ya kife kusa da Warra a Mayun 2021. Wata uku Inna tana zuba masa tuwon dare, mun kasa hana ta.

"Yaya, mu tafi," in ji ƙanwata, muryarta na rawa. Wallahi ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Allah Ya jiƙansu da rahama.