Abin da na koya daga raba tagwayen zailin

Para-zailin, wani sinadari da ake samu daga man fetur, yana tafasa a digiri 138.4 na Selsiyas, ɗan'uwansa meta-zailin kuma a 139.1. Ko digiri ɗaya tazarar ba ta kai ba. Mu da aka rene mu a aji da hasumiyar tace mai, inda zafi ke ware mara nauyi daga mai nauyi, a nan dabararmu take cijewa. Ga shi kuwa paran ake nema ruwa a jallo, don daga gare shi ake samun sinadarin da ke zama gorar ruwa ta roba da yadin poliyesta.

An daɗe ana bi ta hanyar sanyi, tunda para yana daskarewa a digiri 13, meta kuwa sai an gangara wajen 48 ƙasa da sifili. Amma da wuya a kwashe fiye da kashi biyu cikin uku kafin sauran su fara daskarewa tare da shi. A 1971 kamfanin UOP na Amurka ya fito da tsarin Parex, mai aiki da zayolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka, aka koma kwashe sama da kashi 95 cikin ɗari.

Da jin ramuka sai mutum ya ɗauka rariya ce, ƙarami ya wuce, babba ya maƙale. A wani wurin haka ne: zayolait 5A yana karɓar miƙaƙƙun ƙwayoyin kananzir ya bar masu rassa, da miƙaƙƙun ake haɗa sinadarin garin sabulu. Amma na Parex ramukansa suna da faɗin da duk 'yan'uwan za su shiga. Sinadarin bariyom da aka dasa a ciki ne ke sa bangon ya fi riƙe para, daga baya a turo wani ruwan sinadari ya kori paran. Ranar da na gane wannan, yadda nake kallon aikin ya sauya. Na daina tambayar wane ne ya fi girma, na koma tambayar wane ne bango ya fi so.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ruwa. Zayolait ɗin yana buƙatar ɗan danshi daidai gwargwado, har da gangan ake ɗiga masa. Ya bushe ƙarau, zaɓensa ya lalace. Ya jiƙe da yawa, ruwan ya cinye gurbin da para zai zauna. Shi ya sa yanzu, kafin in yarda da kowane sakamakon gwaji, sai na tambayi yadda aka gasa samfurin zayolait ɗin don busar da shi da kuma daɗewarsa a buɗe a kan tebur.